Littafin aikin harsashi: neman haɗin da bindigata za ta amince da shi

9 ga Janairu

Yau na share teburin, na ɗaure injin matsa kwanso da noti huɗu don kada ya riƙa rawa, na buɗe sabon littafi. Duk abin da ya faru daga yau zuwa buɗewar lokacin farauta zan rubuta shi a nan, mai daɗi da marar daɗi.

Barewar bara ce ta tayar da aikin. Na harbe ta a tazarar da ba ta kai yadi 200 ba, na saita bayan kafaɗa, harsashin ya same ta can baya wajen ciki. Tun hantsi muke bin jini, ba mu cim mata ba sai da rana ta kusa faɗuwa, kuma da sauran numfashinta. Har yau idan na tuna idonta sai jikina ya yi sanyi. Wataƙila hannuna ne, wataƙila iska ce. Amma harsashin kamfani da nake amfani da shi yana watsa harbi biyar a faɗin inci 2 ko fiye a yadi 100, kuma ba na son in sake tsayawa a kan dabba ina tambayar kaina ko ni ne ko harsashi ne. Shi ya sa na yanke in riƙa haɗa harsashina da kaina.

Bindigar mai sakata ce, .308 Winchester, bututunta inci 22, tsagin cikinsa yana murɗa harsashi sau ɗaya a kowane inci 10. Tsohon hannu ne wannan harsashi. Winchester ta fito da shi a 1952, shekara biyu kafin NATO ta karɓi ɗan'uwansa 7.62×51, don haka an daɗe ana gwada shi, bayanan haɗinsa kuma sun cika littattafai. Kan harsashin da na zaɓa mai giren 165 ne, wato kusan giram 10.7, dalma a ciki, rigar jan ƙarfe a waje. Ga wanda bai saba da giren ba: guda 7,000 ne a laba ɗaya, kowane ɗaya miligiram 64.8. Albarushin kuwa Varget ne na Hodgdon, wanda ake yi a Ostareliya, na ɗauke shi saboda an san shi da rashin sauya hali sosai tsakanin sanyi da zafi. Da ban same shi ba da na koma kan N140 na Vihtavuori, 'yan Finlan.

Abin da nake nema uku ne a haɗe: harbi goma su zauna cikin inci ɗaya da rabi a yadi 100, harbin farko daga bututu mai sanyi ya faɗa cikinsu, kuma harsashin ya riƙa hawa daga magazin, wato ma'ajiyar harsashi ta bindigar, ba gardama.

Nauyin albarushin ba zai shiga wannan rubutu ba, sai dai in kira matakan da haruffa. Yana cikin littafin kamfanin da ya yi albarushin, can ya kamata kowa ya ɗauko shi, ya fara daga mafi ƙanƙanta. Abin da bindigata ta ɗauka lafiya yana iya kumbura ta wani. Shi kansa aikin sai inda doka ta yarda, da takardun izini a hannu.

Kawu ya aiko min da tsohon sikelinsa mai sanda, wanda ba ya cin batir. Ya ce in ajiye shi kusa da na lantarkin, zan ga amfaninsa.

17 ga Janairu

Na yi niyyar yin aiki da kwansunan da na tara a cikin bokiti, wasu nawa, wasu tsintuwa a filin harbi. A kwanso na goma sha wani abu, ina danna hannun inji don fitar da tsohuwar firaima, ɗan kofin nan na gindi da ke ƙyasta wuta, sai na ji ƙas. Allurar ta karye. Na haska fitila cikin kwanson, na ga ramuka biyu ƙanana a gefe da gefe maimakon guda ɗaya a tsakiya. Irin Berdan ke nan, allura ba ta da inda za ta bi. Wanda ake sake cikawa cikin sauƙi shi ne irin Boxer mai rami ɗaya. Dukansu biyu a 1866 aka yi musu rajista: Hiram Berdan Ba'amurke ne, Edward Boxer Bature ne na Ingila, sai ga shi na Baturen ne ya mamaye Amurka, na Ba'amurken kuma ya fi yaɗuwa a Turai.

Daga nan na zauna na tantance bokitin duka. Tambari iri biyar na samu a gindinsu. Wasu na soja ne, an daƙe bakin ramin firaimarsu, kuma da na ɗora su a sikeli sun fi sauran nauyi. Kwanso mai kauri cikinsa ya fi ƙunci, albarushi ɗaya kuma a ƙuntataccen ɗaki matsinsa ya fi yawa. Ba yadda za a yi in gane abin da sauyin rabin giren ya haifar alhali kwansunan kansu sun saɓa da juna fiye da haka.

Na sayi sababbi 100, kamfani ɗaya, lambar zubi ɗaya. Daga cikin tsofaffin na ware guda 30 nawa na kaina, masu tambari ɗaya, don atisaye.

25 ga Janairu

Awo kawai na yi yau. Iyakar tsawon kwanson .308 inci 2.015 ne, ana datse shi zuwa 2.005. Sababbin duk suna ciki, sai na goge bakinsu ciki da waje don kada su kankare rigar harsashi wajen shiga.

Sai nisan da kan harsashi zai yi tsalle kafin ya taɓa tudun tsagi. Na tsaga wuyan wani kwanso marar firaima marar albarushi, na ɗan ɗofana kan harsashi a bakinsa, na rufe sakata a hankali, tsagin ya tura shi ciki, na zaro na auna. Sau bakwai na maimaita kafin awon ya daina yawo. Maƙogwaron bindigar nan dogo ne: in har ina son kan harsashi ya kusanci tsagi, dole tsawon ya wuce abin da magazin zai ɗauka nesa ba kusa ba. To, bindigar farauta ce, ba zan riƙa cusa harsashi ɗaya-ɗaya da hannu a dawa ba. Na tsaya a inci 2.800, magana ta ƙare.

7 ga Fabrairu

Ranar farko a fili. Sanyi, digiri 8, iska ba ta da ƙarfi. Na haɗa matakai takwas, A zuwa H, rabin giren tsakanin kowane biyu, uku-uku, H ɗin ma bai kai iyakar littafi ba. Na kafa na'urar auna gudu, na jera buhunan yashi, ina barin minti biyu tsakanin harbi da harbi.

A ya ba da gudun ƙafa 2,540 a daƙiƙa. Daga nan kowane mataki yana ƙara kusan 30, a tsare, har D ya kai 2,628, E 2,655, F 2,688. Bayan kowane harbi nakan ɗauki kwanson in juya gindinsa ga haske. Har zuwa F gefen firaimar da sauran lanƙwasarsa. Harbin farko na G ya nuna 2,725, kuma da na zo ɗaga sakata sai na ji ta ɗan cije, ba kamar ɗazu da take ɗagowa da yatsa biyu ba. Firaimar ta baje ta cika raminta, kuma a kan rubutun gindin ga wani ɗan da'ira mai ƙyalli, inda tagullar ta nitse cikin ramin abin da ke cillo kwanso waje.

Nan na tsaya. Sauran G biyu da H uku na sa musu jan alƙalami, zan warware su a gida. SAAMI, ƙungiyar masana'antun da ke tsara ƙa'idar harsashi a Amurka tun 1926, ta sa iyakar matsin .308 a laba 62,000 kan kowane inci murabba'i, kuma wannan wutar tana tashi ne ɗan taƙi kaɗan daga fuskar mutum. Kafin tagulla ta fara nuna alama irin wadda na gani, galibi an riga an wuce iyakar. Littafi ya ce da sauran fili, bindigar ta ce babu, kuma tata zan bi.

Abin da ya faranta min rai shi ne E. Ramuka uku suna taɓa juna kamar ganyen da ya fito daga tsiro ɗaya, inci 0.42 daga tsakiya zuwa tsakiya. Na yanke wurin da almakashi na manna a littafi, na ɗauki hoto na tura wa Kawu. Amsarsa gajera ce: "Madalla. Sake yi mu gani."

14 ga Fabrairu

Na haɗa E guda goma sha biyar, na harba gungu uku na biyar-biyar. Inci 1.6, inci 1.1, inci 1.9. A na ƙarshen ramukan sun yi layi daga ƙasa zuwa sama. Ban ce wa kowa komai ba, na tattara kayana na dawo.

21 ga Fabrairu

Kawu ya zo da kansa. Na shimfiɗa masa takardun, na fara zayyana abin da nake zargi: ko firaima ce, ko in sauya albarushi, ko in gwada giren 150. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ɗana, miƙo min bindigar tukuna."

Ya cire sakata, ya leƙa ya tabbatar ba komai a ciki. Ya yagi takarda daga littafina, ya naɗa ta a ƙarƙashin bututu, ya ja ta daga baki zuwa baya. Ba ta yi tafiyar inci uku ba ta maƙale. Katakon yana taɓa bututun ta gefen hagu. Ya sa sukurdireba a kusar gaba da ke ɗaure ƙarfen da katako, ta juya kusan kwata ba tare da ya yi wani yunƙuri ba.

"Ka ga wannan? Ko wane irin albarushi ka zuba, haka za ta yi maka. Bututu yana kaɗawa idan wuta ta tashi, in ya yi zafi kuma yana miƙewa. In yau ya jingina da katako gobe bai jingina ba, ina kake so harsashi ya je?"

Na ce, "Kawu, amma ai ukun nan sun shiga rami ɗaya."

Ya ce, "Uku ba shaida ba ne. Ko makaho ya jefa tsakuwa uku, wata rana za su faɗa wuri ɗaya."

Mun kwance ta, na naɗa takardar yashi a jikin sanda na ci katakon kaɗan-kaɗan har takarda ta riƙa wucewa salin-alin daga baki zuwa kusa da ɗakin harsashi, na shafa mai a wurin don kada danshi ya shiga. Muka ɗaure kusoshin da sifana mai awo daidai ƙarfin da takardar bindigar ta faɗa. Na duba na madubin saiti su ma, lafiyarsu ƙalau.

Kafin ya tafi ya sa na auna albarushi a sikelin lantarki, na juye a nasa mai sanda. Sun yi daidai. Muka yi hira ta minti ashirin, muka sake ɗora wancan albarushin dai a na lantarkin, sai ya nuna ƙarin giren 0.2. Ba a taɓa komai ba, shi ne ya zame da kansa. Daga yau zan kunna shi rabin awa kafin aiki, in kashe fanka, in nesanta waya da shi, kuma kowane awo na biyar sai ya bi ta kan mai sanda.

6 ga Maris

Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni tun da na fara.

Ina goge tsofaffin kwansunan atisaye, waɗanda aka cika sau biyar ko shida, sai na lura da wani siririn zobe mai haske a jikin ɗaya, kamar faɗin yatsa daga gindi. Na ɗauka gogar ƙarfen matsa ce. Na miƙe wayar maƙale takarda, na lanƙwasa bakinta, na zura ciki ina jan ta a jikin bango daga ƙasa zuwa sama. Daidai inda zoben yake sai ta faɗa wani kwari, na ji shi a yatsana sarai. Na ɗauko zarto na raba kwanson biyu a tsaye. Bangon da ya kamata ya yi kauri a wurin ya sirance har ya kusa zama takarda. Harbi ɗaya ko biyu ya rage gindin ya rabu da jiki, iskar wuta ta biyo baya ta nufo ido.

Cikin 30 na samu bakwai masu irin wannan kwari. Na murƙushe dukkan talatin ɗin da filaya don kada wani ya tsinta.

Sanadin daga wurina yake. Ina murɗa ƙarfen matsa kwanso har ƙasa, sai ya daki mariƙin, kamar yadda na fara koya. Na samo ɗan ƙarfen awo da ke zama a kan kafaɗar kwanso, na gwada wanda aka harba da wanda na matsa: ina mayar da kafaɗar baya da inci 0.009 kowane zuwa. Idan aka harba, allurar bindigar da ke dukan firaima takan tura kwanson gaba, bangonsa ya manne da ɗakin, sai gindin ya ja baya ya cike giɓin. Wurin da ke miƙewa shi ne daidai inda zoben ya fito. Ni kuma in sake matsawa, in datse abin da ya ƙaru a baki, ban tambayi kaina daga ina tagullar take fitowa ba. Ashe daga can ƙasa ake ɗibarta.

Na warware ƙarfen, na riƙa sauko da shi kaɗan-kaɗan ina awo, har kafaɗar ta koma baya da 0.002 kawai. Sakata na rufewa ba tare da cijewa ba. Sababbin kwansunan sau ɗaya ko biyu kawai suka sha wancan matsin, na bi su ɗaya bayan ɗaya da wayar, ban ji komai ba. Na raba su a akwatuna bisa yawan harbin da kowanne ya sha, na rubuta a murfi.

20 ga Maris

Yau na yi gwajin da ya kamata a ce da shi na fara. D guda ashirin, E guda ashirin, takarda biyu a jere. Ina harba D ɗaya, E ɗaya, ina juyawa, don zafin bututu da gajiyata da sauyin iska su rabu a kansu daidai. Ya ci min kusan awa uku.

D: ashirin cikin inci 1.31. E: ashirin cikin inci 1.38. Bambancin gudu tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri ƙafa 34 a D, 31 a E.

Wato babu wanda ya fi wani. Da na ɗauki takardar E na bi ramukan bisa jerin da na harba su, uku-uku, sai ga wasu ukun sun ba da rabin inci, wasu sun haura inci ɗaya, duk daga haɗi ɗaya a rana ɗaya. Gungun nan na 0.42 da na manna a littafi ɗaya ne daga cikin irin waɗannan, ya zo ne a ranar da nake neman abin da zan gaskata. Masu lissafi sun daɗe da fitar da wannan: idan bindiga ɗaya ce da harsashi ɗaya, gungun harbi biyar yakan fi na uku faɗi da kusan kwata, na goma kuma yakan kai ninki ɗaya da rabi da ɗoriya. Saboda haka duk wanda ya ce bindigarsa tana yin rabin inci, abin tambaya shi ne harbi nawa, kuma sau nawa.

Na karanta hanyar tsani da ake danganta wa Creighton Audette, inda ake harba harsashi ɗaya-ɗaya ana ƙara albarushi, daga nesa, a nemi inda ramuka suka taru. Ina ganin hikimarta, kuma masu gasar nesa da bindigogi masu nauyi suna da dalilinsu. Amma ga siririn bututu irin nawa, wanda watsuwarsa ta yau da kullum ta wuce inci, harbi ɗaya a kowane mataki ba zai gaya min abin da zan dogara da shi ba. A ganina gyaran katako da kusa da kafaɗar kwanso su suka yi aikin, ba rabin giren ba.

Game da bambancin gudun nan na 30 da wani abu, na zauna na lissafa. A yadi 100 ba a ma ganinsa. A yadi 300 bai fi ya ɗaga ko ya sauke harsashi da ɗan abin da ya haura rabin inci ba. Huhu da zuciyar barewa kuwa sun kai faɗin faranti. Ba zan ɓata dare ina neman rage shi ba.

Na zaɓi D. Gudunsa ya gaza na E da ƙafa 27, abin da dabba ba za ta taɓa sani ba, amma ya fi nisa da G da mataki ɗaya.

3 ga Afrilu

Na gwada nitsar da kan harsashi da ƙarin 0.020, sannan 0.040, goma-goma. Inci 1.2 da 1.15, kusan abin da 2.800 ke bayarwa. Na bar shi yadda yake.

Wajen dasa kan harsashi na fara jin wasu suna shiga da tauri, wasu da laushi, a cikin kwansunan da suka sha harbi huɗu. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 tutiya, kuma tana ƙara tauri duk lokacin da aka matsa ta aka buɗa. Maganinta a gasa wuya da kafaɗa kawai, wuta ba ta kusantar gindi ko kaɗan, don taurinsa ne ke riƙe matsi. Na farauta zan haɗa su ne da waɗanda suka sha harbi biyu, gashin kuma sai Kawu yana tsaye a kaina.

17 ga Afrilu

Rana ta buɗe, digiri 33. Na raba D goma gida biyu, biyar a inuwa cikin jaka, biyar a kan tebur cikin rana har sai da suka yi zafin da ba a son riƙewa. Na inuwar sun ba da 2,637, na ranar 2,654. Sakata tana ɗagowa da sauƙi, firaima da lanƙwasarta, gindi ba tabo. Da F na zaɓa don kwaɗayin gudu, yau da zafin ya kai ni bakin G. Hankalina ya kwanta.

24 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu

A dawa ba a ba mutum harbin ɗumama bututu. Saboda haka na kafa takarda ɗaya, nakan zo da sassafe in yi harbi guda tak, in rubuta lamba a gefen ramin, in naɗe ta in tafi. Safiya bakwai na yi haka cikin mako biyu.

Ranar farko bututun a wanke yake tas, da ɗan mai a ciki. Harbin ya tafi sama da hagu, inci ɗaya da kwata daga inda na saita. Ban wanke ba, na dawo bayan kwana biyu: na biyu ya matso, bai kai ba. Daga na uku zuwa na bakwai duk suka taru cikin inci 0.9, a daidai tsakiyar gungun ashirin ɗin nan na watan Maris. Don in tabbatar, na sake wankewa na sa mai, na harba: sama da hagu kuma, kusan a kan ramin farko.

Sai na tuna daren da ya gabaci farautar bara. Na zauna na wanke bindigar tas, na shafe cikinta da mai, ina ganin kyautata mata nake yi. Ba zan ce wannan ne kaɗai ya kai harsashin cikin barewar ba, amma inci ɗaya da kwata a yadi 100 ya haura inci biyu a inda take tsaye, a haɗa da watsuwar wancan harsashi, da kusar da ban san tun yaushe ta saki ba. Na daɗe zaune a kan benci da takardar a hannuna.

Daga yanzu in na wanke, sai na yi harbi uku a fili kafin ta shiga dawa, in manne bakin bututun da ɗan salatif saboda ruwa da ƙura.

15 ga Mayu

Na daidaita madubi a yadi 200. Hakan ya sa harsashi yana bugun inci 2 sama a yadi 100, yana sauka kusan inci 9 a yadi 300. Harbi biyar a 300 daga kan benci sun zauna cikin inci 3.7.

Saura in ga abin da kan harsashin ke yi idan ya shiga jiki, tunda ramin takarda ba ya nuna wannan. Na jera jarkokin ruwa shida a yadi 100. Biyun farko sun tarwatse, na uku ya tsage, na tsinci harsashin a cikin na huɗu. Ya buɗe kamar lema, faɗinsa ya kusa ninka na asali, rigar ba ta rabu da dalmar ba. A sikeli ya nuna giren 112 daga 165. Kawu ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce ga barewa ya isa har ya yi saura, amma in da babbar dabba ce mai kaurin ƙashi da ya ce in koma Nosler Partition, mai shamaki a tsakiya da ke hana rabin baya tarwatsewa. Ya ba ni labarin yadda John Nosler ya ƙirƙiro shi bayan harsasansa sun kasa ratsa wani ƙaton barewar Kanada da taɓo ya bushe a jikinsa a 1946, ya fara sayar da shi a 1948. Na rubuta a bayan littafi, aikin wata shekarar ne.

Daga nan ya sa na sauka daga benci. A zaune, da sandunan jingina, ina haki bayan ya sa na yi sassarfa zuwa allo na dawo, harbi biyar a yadi 200 sun watsu cikin inci 5. A 300 ɗaya ya fita daga farantin takarda gaba ɗaya. Ya dube ni bai ce komai ba. Na ɗauki alƙalami na rubuta 250 a takardar da ke manne a gindin bindigar, na ja layi a ƙarƙashi. Abin da ya wuce nan ba zan ɗana kunama ba bana.

22 ga Mayu

Na haɗa guda 40 na farauta a zama biyu. Gwangwanin albarushi ɗaya kawai a kan tebur, ƙofa a rufe, waya a wani ɗaki. Kafin in dasa kan harsashi na haska fitila a kan tiren, na bi layi-layi na ga albarushin ya tsaya a tsayi ɗaya cikin kowane kwanso. Na shafa yatsa a gindin kowanne don in ji firaimar ta ɗan nitse ƙasa da fuskar tagulla. Ɗaya ta ɗan ɗago, na ware shi, na warware, ban yi gigin danna ta da albarushi a ciki ba. A murfin akwati na rubuta kwanan wata, irin albarushi da lambar zubinsa, nauyi, firaima, tsawo, da yawan harbin da kwansunan suka sha. Na wanke hannu da sabulu sau biyu saboda dalma.

Da yamma na kai su fili, bakin bindiga yana kallon tudun kariya, na bi da 39 ɗin ta magazin ɗaya bayan ɗaya, suna hawa suna fita ba wanda ya cije. Na harba uku daga ciki a yadi 200, suka faɗa inda ake jiransu. Bututun ba zai sake ganin wanki ba sai bayan farauta.

Kwansunan da suka sha harbi huɗu suna nan guda 44. Kawu ya ce zai zo ranar Asabar da abin gashi, in mun gama in cika su duka, in ƙarar da su a kan sanduna, a zaune da a durƙushe.